Ƙuri'ar Dearborn: Hannun da Ya Zaɓi Trump da Rashida Tlaib

Da aka kammala ƙidayar ƙuri'un birnin Dearborn na jihar Mishigan bayan zaɓen Amurka na ranar 5 ga Nuwamba, 2024, sai ga wasu alƙaluma biyu da mutum zai rantse ba daga akwati ɗaya suka fito ba. A takarar shugaban ƙasa Donald Trump ne kan gaba da kashi 42 cikin ɗari, Kamala Harris ta jam'iyyar Dimokurat na biye da 36, Jill Stein ta jam'iyyar Green mai rajin kare muhalli ta tashi da 18. A takarar kujerar Majalisar Wakilai kuwa Rashida Tlaib, 'yar jam'iyyar su Harris, ce ta kwashe kashi 62, ɗan takarar jam'iyyar Trump ya tsaya a 30.

Sai an san garin da mutanen nan biyu kafin a ga girman abin. Dearborn gari ne mai mutum wajen 110,000 a gefen Detroit, kuma ƙidayar 2020 ta nuna fiye da rabin mazaunansa asalinsu daga Gabas ta Tsakiya ne da Arewacin Afirka: 'yan Labanon, 'yan Yaman, 'yan Iraƙi, Falasɗinawa. A titin Warren rubutun Larabci ne a saman gidajen burodi da shagunan mahauta da ofisoshin lauyoyi. Trump shi ne wanda a Disambar 2015 ya nemi a rufe wa Musulmi ƙofar shiga Amurka baki ɗaya. Da ya hau mulki, a Janairun 2017, ya sa hannu a dokar hana 'yan ƙasashe bakwai shiga, ciki har da Yaman da Iraƙi da Siriya, inda iyaye da matan mutanen Dearborn da yawa suke. Dokar ce daga baya ta faɗaɗa ta shafi Chadi a 2017 da Najeriya a 2020. Ita kuwa Rashida 'yar Falasɗinawa ce haifaffiyar Detroit, 'yar fari cikin 'ya'ya 14 na wani ma'aikacin kamfanin Ford. A Agustan 2016 sai da masu tsaro suka fitar da ita daga zauren da Trump yake jawabi a Detroit saboda ta katse shi, kuma sau biyu tana kaɗa ƙuri'ar a tsige shi. A siyasar Amurka da wuya a samu mutum biyu da suka yi hannun riga kamarsu.

To a yi lissafi. A ce duk wanda ya zaɓi Harris ya zaɓi Rashida, duk wanda ya zaɓi Stein shi ma haka. 36 da 18 sun ba da 54, ba su kai 62 ba. A juyo ta ɗaya gefen: Trump ya samu 42, ɗan jam'iyyarsa ya samu 30, wato sama da mutum ɗaya cikin kowane huɗu da suka zaɓi Trump ya ƙi ɗan takarar da jam'iyyar ta tsayar a layin da ke ƙasa. Ta ko'ina aka biyo, akwai wani mai zaɓe a Dearborn da ya ba Trump sama, ya ba Rashida ƙasa. Wane ne shi, kuma me ya yi imani da shi game da iyali, da aljihu, da gwamnati, har waɗannan biyun suka zauna a takardarsa?

Kafin a yi nisa, a kawar da zargin kuskure. A Najeriya takarda uku ake miƙa wa mutum ranar zaɓen shugaban ƙasa, ya dangwala wa kowacce. A Mishigan doguwar takarda ɗaya ce gaba da baya, daga shugaban ƙasa har alƙalai da 'yan hukumar makarantu, kowane suna da ɗan da'irarsa da ake cikewa da biro. A can sama akwai wani da'ira guda wanda idan ka cike shi ka zaɓi duk 'yan takarar jam'iyya ɗaya a lokaci guda, ka huta. Wanda ya raba ƙuri'arsa sai da ya nemi layin da kansa ya zaɓa. Tun 2022 kuma birnin yana buga takardar da Larabci ga mai buƙata. Ba ruɗewa ba ce, ba rashin jin Turanci ba ne. Da gangan aka yi.

Amsar da ta fara zuwa bakin kowa ita ce Gaza, kuma tana da hujjoji masu nauyi. Tun daga Oktoban 2023 gwamnatin Joe Biden ta yi ta aika wa Isra'ila makamai, ta kuma hau kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ƙudurorin tsagaita wuta a Disambar 2023 da Fabrairun 2024. Mutanen Dearborn ba su ɓoye fushinsu ba. A zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Dimokurat ranar 27 ga Fabrairu, 2024, fiye da mutum 100,000 a Mishigan sun cike da'irar da ke nufin ba su tsai da kowa ba, kuma a Dearborn wannan da'irar ta kayar da Biden, shugaba mai ci. A watan Agusta, a babban taron jam'iyyar a Shikago, wakilansu sun roƙi a ba Bafalasɗine ɗan Amurka ko da minti kaɗan ya yi magana a dandamali, aka hana. Suka kwana a waje a kan siminti. Sai ga Satumba yaƙin ya koma kudancin Labanon. Wannan ya taɓa Dearborn a jijiya, domin gidaje da yawa a garin asalinsu daga Bint Jubail ne da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Ranar 23 ga Satumba kaɗai hare-haren sama sun kashe fiye da mutum 500 a Labanon. Farkon Oktoba aka kashe wani mazaunin Dearborn a kusa da Nabatiya. Makonni shida kafin zaɓe, zaman makoki ake yi a masallatan garin.

Wannan ya isa ya bayyana abin da ya sa aka bar Harris, mataimakiyar Biden da ta gaje shi a takarar. Bai faɗi inda aka nufa ba. Trump ne ya mai da ofishin jakadancin Amurka Ƙudus a 2018, shi ya yanke kuɗin hukumar agajin Falasɗinawa ta Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar. A muhawararsa da Biden a Yunin 2024 cewa ya yi a ƙyale Isra'ila ta gama aikinta, har ya jefi Biden da kalmar Bafalasɗine a matsayin zagi. Ba wanda zai koya wa mutumin Dearborn waɗannan abubuwa; ya fi 'yan jarida saninsu. Kuma ga Jill Stein a takardar, wadda ta fito fili ta kira abin da ake yi a Gaza kisan ƙare dangi. In Gaza ce kaɗai, me ya hana kowa ya bi ta?

A nan sai an ajiye kashi-kashi an ƙirga kawuna. A 2020 Biden ya samu ƙuri'a kusan 30,700 a Dearborn, Trump kusan 13,200. A 2024 Harris ta samu kusan 15,200, Trump kusan 17,800, Stein kusan 7,700. Jam'iyyar Dimokurat ta yi asarar rabin ƙuri'unta, wajen 15,500. Amma abin da ya ƙaru wa Trump bai wuce 4,600 ba. Rabin waɗanda suka tafi wajen Stein suka nufa, wasu kuma wajen dubu uku ko dai sun zauna a gida ko sun tsallake layin. Ashe ba Trump ne ya cika garin ba, abokiyar takararsa ce ta zube har ta faɗo ƙasa da shi. Kashi 30 ɗin da ɗan takarar majalisa na Rifabulikan, jam'iyyar Trump, ya samu ma kusan daidai yake da abin da Trump ya samu a 2020: tsofaffin magoya bayan jam'iyyar ke nan, suna nan inda suke. Tambayar ta tsuke yanzu, ta koma kan mutum dubu huɗu da 'yan kai.

Wani ɓangare nasu lissafin horo suka yi. Wanda ya bar Harris ya zaɓi Stein ya rage mata ƙuri'a ɗaya. Wanda ya bar ta ya zaɓi Trump ya buɗe ratar biyu, ɗaya da ta rasa, ɗaya da abokin hamayyarta ya samu. Mai son jam'iyyar ta ji a jikinta ya san wannan. Sai dai fushi kaɗai ba ya kai mutum gidan wanda ya yi shekara takwas yana tsoro. Dole a ce an riga an share hanya, kuma ruwa ba ya tsami banza. Idan aka koma baya, za a tarar an fara share ta shekara guda cur kafin 7 ga Oktoba, 2023, ranar da yaƙin Gaza ya ɓarke.

Ranar 10 ga Oktoba, 2022, hukumar makarantun gwamnati ta Dearborn ta yi zamanta na wata-wata, irin zaman da a da mutane ba su cika halarta ba. Ran nan ɗaruruwan iyaye suka cika ɗakin har waje, maza da mata masu hijabi, ɗauke da kwalaye. Abin da ya kawo su wasu littattafai ne 'yan kaɗan a ɗakunan karatun makarantu, masu bayanin jima'i a fili da batun luwaɗi da maɗigo. Hayaniya ta yi yawa har 'yan hukumar suka tashi suka bar zaman, aka sake shi bayan kwana uku a babban zauren wata makaranta. A zama na biyun ne aka ga abin da ba a saba gani ba: 'yan takarar Rifabulikan na jihar sun zo sun zauna a ɓangaren iyayen Larabawa, ƙungiyar malaman makaranta kuwa, wadda ginshiƙi ce a jam'iyyar Dimokurat, tana ɗaya ɓangaren. A ƙarshe an cire littafi biyu, an ba iyaye damar hana 'ya'yansu aron wanda ba su so. Wata guda bayan haka Gwamna Gretchen Whitmer ta sake cin Dearborn, amma a unguwannin gabas inda Larabawa suka fi yawa ƙuri'unta sun ragu a kan na 2018, alhali a faɗin jihar ratarta ƙaruwa ta yi.

Haka aka yi a Hamtramck, wani ɗan ƙaramin gari da Detroit ta kewaye, wanda a da na 'yan Folan ne, yanzu 'yan Yaman da 'yan Bangaladash suka fi yawa. A 2004 ya amince a riƙa kiran salla da lasifika, kuma masu sassaucin ra'ayi na cikin waɗanda suka tsaya wa Musulmi a lokacin. A Janairun 2022 aka rantsar da majalisar gari da magajin gari duk Musulmi. A Yunin 2023 majalisar ta hana kafa tutar 'yan luwaɗi da maɗigo a kan kadarorin gwamnatin garin, tsofaffin abokan tafiya suka ce an ci amanarsu. Magajin garin na lokacin, Amer Ghalib, haifaffen Yaman kuma ɗan Dimokurat, shi ne ya fito a Satumban 2024 ya ce Trump yake goyon baya. Garin da ya ba Biden kashi 85 a 2020 ya ba Harris 46, Trump 43.

Mutum zai ce to an gano: mai ra'ayin riƙau ne a kan tarbiyya da iyali, ya koma inda ya dace da shi. Amma Rashida ta tsaya a hanya. Tana goyon bayan 'yancin zubar da ciki, ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da dokar kare auren jinsi a 2022, ba ta taɓa ɓoye ko ɗaya ba. Wanda batun tarbiyya ya fi komai a wurinsa ba zai ba ta ƙuri'a ba alhali ga ɗan Rifabulikan a gefenta. Kuma garin nan ne a zaɓen fid da gwani na 2016 ya ba Bernie Sanders kusan kashi 60, ya sake zaɓensa a 2020: Bayahude, mai kiran kansa ɗan gurguzu, mai neman a yi wa kowa magani kyauta a kuma ƙara wa attajirai haraji. Wannan ba hali ne na mai ra'ayin riƙau irin na Amurka ba.

Sai a duba aljihu. Kamfanin Ford ne ya gina Dearborn. Hedikwatarsa tana nan, haka ma katafariyar masana'antar Rouge, wadda a shekarun 1930 ta ɗauki ma'aikata sama da 100,000. Aikin ƙera mota ne ya fara jawo 'yan Labanon da Siriya da Yaman, suka zauna a unguwar kudu, a gindin bututun hayaƙi, inda har yau ciwon asma yake damun yara. Jikokinsu sun tashi a gidajen 'yan ƙungiyar ƙwadago ta UAW. Waɗanda suka zo daga baya, 'yan gudun hijirar Iraƙi da Yaman, da yawansu da inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi, Medicaid, suke ganin likita, da tallafin abinci na gwamnati suke cika tukunya. A wannan fanni mutumin Dearborn yana son gwamnati mai hannu a buɗe, kuma Rashida ce mai faɗin abin da ke ransa.

Sai dai garin ba na ma'aikatan masana'anta kaɗai ba ne yanzu. Gari ne na masu gidajen mai, da masu shaguna, da masu gidajen abinci da na gahawa, da direbobin manyan motoci masu zaman kansu. Su ne hauhawar farashi ta fi duka: ta kai kashi 9.1 a Yunin 2022, abin da ba a gani ba cikin shekara 40, galan ɗin fetur ya taɓa dala 5 a watan, kuɗin ruwan bashin gida ya kusa kashi 8 a ƙarshen 2023. Mai gidan abinci da ke sayen ƙwai da nama da man girki kullum ba ya buƙatar a karanta masa rahoto. Ga kuma batun motoci masu aiki da lantarki, waɗanda gwamnatin Biden ta dage a kansu. A lokacin, a cikin Rouge ake haɗa a-kori-kurar Ford mai lantarki, F-150 Lightning. Ba ta samu kasuwar da aka zata ba. A farkon 2024 aka rage ma'aikatan sashen, sannan ranar 31 ga Oktoba, saura kwana biyar zaɓe, kamfanin ya sanar da dakatar da haɗa ta na makonni. Mai gidan mai kuma, in aka ce masa nan gaba motoci ba za su sha fetur ba, ya san abin da ake nufi da sana'arsa. Trump ya yi ta bugun wannan gangar a Mishigan.

Yanzu muna da mutum mai fuska biyu: a tarbiyya yana kusa da Rifabulikan, a tallafin gwamnati yana kusa da Dimokurat, a farashi da sana'a yana jin haushin mai mulki ko wane ne. Amma haka yake tun da daɗewa. Me ya sa ya yi shekara 20 yana zaɓen Dimokurat ba tare da ya waiwaya ba? Amsar wannan ita ce mabuɗin sauran, kuma tana shekarar 2000.

Kafin Trump, ɗan Rifabulikan na ƙarshe da ya ci Dearborn shi ne George W. Bush. A lokacin ba abin mamaki ba ne. Sanatan Mishigan ma, Spencer Abraham, ɗan Rifabulikan ne jikan 'yan Labanon. Abin da ke ci wa Larabawa tuwo a ƙwarya a shekarun nan wata doka ce ta 1996 da Bill Clinton ya sa wa hannu, wadda ta ba gwamnati damar tsare baƙo ko korarsa bisa hujjar sirri, hujjar da shi da lauyansa ba za su gani ba. Kusan duk waɗanda aka yi wa amfani da ita Larabawa ne da Musulmi. A muhawarar 11 ga Oktoba, 2000, Bush ya ambaci wannan zalunci da bakinsa a gaban duk ƙasar, gamayyar ƙungiyoyin Musulmi ta mara masa baya. Bayan shekara guda aka kai harin 11 ga Satumba. Bush ɗin nan ya sa hannu a dokar Patriot a Oktoban 2001, aka shiga yi wa maza 'yan ƙasashen Musulmi rajista ta musamman, aka cusa masu leƙen asiri a masallatai, aka mamaye Iraƙi a 2003. Wasu takardun sirri da jaridar The Intercept ta fallasa a 2014 sun nuna cewa in ban da Niyok, babu garin Amurka da ya kai Dearborn yawan mutanen da ke cikin jerin waɗanda ake sa wa ido kan ta'addanci. Gari mai mutum dubu ɗari, yana gaban Shikago da Hustan.

Ga abin da ya kai mutumin Dearborn jam'iyyar Dimokurat: tsoron gwamnatinsa. Ba ra'ayinsa kan aure ko zubar da ciki ne ya sauya ba a 2004, ba kuma a 2016 ba. Neman wanda zai tsaya tsakaninsa da jami'in da ke buga ƙofa da asuba yake yi, da wanda zai bar matarsa ta samu biza daga Sana'a. Wannan buƙata ta danne sauran duka, ya haɗiye abin da ba ya so a manufofin jam'iyyar saboda ita. Biden ya biya wannan bashin ranar da ya hau mulki, 20 ga Janairu, 2021, da ya soke dokar hana shiga. Daga nan tsoron ya ɗan lafa, abubuwan da aka haɗiye suka fara tasowa, shi ya sa rikicin littattafai ya zo a 2022. Sannan yaƙi ya zo ya sauya ma'aunin gaba ɗaya. Mutumin da ake ce wa ya ji tsoron Trump don zai hana 'yan'uwansa shigowa, ya wayi gari ana turo masa hotunan gidan kakansa a rushe, da bam ɗin da aka saya da harajinsa. Wanda aka hana biza yana raye. Na yi imani duk wanda bai fahimci nauyin wannan bambanci ba, ba zai taɓa fahimtar ƙuri'ar Dearborn ba.

A daidai wannan gaɓa ɓangare ɗaya ya zo, ɗayan bai zo ba. Massad Boulos, ɗan kasuwa haifaffen Labanon da ya yi shekaru a Legas yana shugabantar kamfanin SCOA, wanda ɗansa Michael yake auren Tiffany 'yar Trump, ya yi watanni yana zaga Mishigan, yana zama da mutane ɗaki-ɗaki yana magana da Larabci. Trump da kansa ya shiga wani gidan abinci a Dearborn ranar 1 ga Nuwamba. Harris ba ta taka garin ba a duk yaƙin neman zaɓenta. Ta yi yawo da Liz Cheney, 'yar mataimakin Bush, mutumin da 'yan Iraƙi ba za su manta da shi ba, aka kuma turo Bill Clinton Mishigan ya yi jawabin kare Isra'ila saura mako guda zaɓe. A gangamin Trump na garin Novi ranar 26 ga Oktoba, wani limami ɗan asalin Yaman, Belal Alzuhairi, ya hau dandamali ya lissafa dalilansa: alkawarin kawo ƙarshen yaƙi, kare iyali da abin da ake koya wa yara a makaranta, da tattalin arziki. Duk zaren da muka biyo ɗaya bayan ɗaya, ga su a bakin mutum ɗaya.

Saura Rashida. Me ya sa ra'ayinta kan zamantakewa bai kayar da ita a wurin wannan mutumin ba? Saboda takardar nan doguwa ce, kuma ya san abin da kowane layi yake iya yi. Littafin da ke ɗakin karatun makarantar 'yarsa ba 'yar majalisar tarayya ce ke sa shi ko cire shi ba. 'Yan hukumar makarantu ne, kuma yana zaɓensu a wani layin dabam, yana iya zuwa ya tsaya a gabansu ya ɗaga murya, ya kuma yi. Batun zubar da ciki Kotun Ƙoli ta mai da shi hannun jihohi a Yunin 2022, masu zaɓen Mishigan kuma suka shigar da shi tsarin mulkin jiharsu a Nuwamban shekarar. Ko ya so ko ya ƙi, an rufe wannan babin a inda yake zaune. Abin da ɗan majalisa yake taɓawa a rayuwarsa shi ne kuɗin Medicaid, da tallafin abinci, da ofishin da zai je in takardun mahaifiyarsa sun maƙale a ofishin jakadanci, da murya a zauren majalisa. A nan Rashida ba ta da na biyu a wurinsa. Ranar 7 ga Nuwamba, 2023, majalisar ta yi ƙuri'ar yin tir da ita saboda kalamanta kan Falasɗinu, 234 da 188, har da 'yan jam'iyyarta 22. Ba ta janye ba, kuma har ranar zaɓe ba ta ce a zaɓi Harris ba. Layin shugaban ƙasa kuwa, shi ne na wanda ke sa hannu a tura makamai, shi ne kuma na wanda ake ɗora wa laifin tsadar kaya. A wannan layin ya hukunta mai mulki, ya kuma ɗauki alkawarin wanda ya zo ya ce zai tsai da yaƙi. Ra'ayoyinsa ba su ci karo da juna ba. Kowanne ya kai shi ofishin da ke da iko a kansa.

Ko lissafin ya biya shi, wannan wata magana ce, kuma a ganina an sayi alkawarin da tsada. Ranar 4 ga Fabrairu, 2025, Trump ya tsaya kusa da firaministan Isra'ila Netanyahu ya ce Amurka za ta karɓe Gaza a kwashe mutanenta, har ƙungiyar Larabawa magoya bayansa ta cire sunansa daga nata. A watan Maris aka fara kama ɗalibai baƙi saboda zanga-zangar Falasɗinu. A Yuni dokar hana shiga ta dawo da ƙasashe 12, da Yaman da Sudan da Chadi a ciki. Ranar 4 ga Yuli ya sa hannu a dokar da ta zaftare kuɗin Medicaid, wato abin da aka zaɓi Rashida ta kare. Waɗanda suka zaɓe shi suna nuna tsagaita wutar Gaza ta Oktoban 2025 da ya matsa aka yi, suna cewa wancan ɓangaren ya yi wata 15 bai tsai da komai ba sai a kwanakinsa na ƙarshe. Gardamar tana nan a gidajen gahawa na titin Warren, wani lokaci tsakanin wa da ƙani.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗora wa garin laifin faɗuwar Harris, kamar yadda wasu 'yan jam'iyyarta suka yi ta yi da zafi bayan zaɓe. Biden ya ci Mishigan da ratar kusan 154,000 a 2020, Trump ya ci da kusan 80,000 a 2024. Juyin ya haura 230,000, kuma abin da Dearborn ta bayar a ciki wajen 20,000 ne. Ko da Harris ta ci Mishigan ma, ba za ta kai ga kujerar ba, tunda duk jihohi bakwai da ake takara a kansu sun kuɓuce mata.

Gwajin ƙarshe ya zo a Nuwamban 2025, a zaɓen magajin garin Dearborn. Abdullah Hammoud ɗan Dimokurat ne, ɗan 'yan Labanon, Musulmi na farko da ya riƙe kujerar. A Janairun 2024 ya ƙi ganawa da shugabar yaƙin neman zaɓen Biden, a Nuwamba ya ƙi zama da Trump, bai kuma goyi bayan Harris ba. In da garin ya koma Rifabulikan da gaske, a kansa za a fara gani. Ya nemi wa'adi na biyu a kan ambaliyar da ke cika ɗakunan ƙasa na gidaje tun ruwan 2021, da masu tuƙin ganganci a unguwanni, da gyaran wuraren wasan yara, abubuwan da ke hannun magajin gari, kuma ya ci da rata mai yawa.